Gaya: yadda ake mayar da zaure biron aiki

Rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville a ƙarshen watan Yulin 2023 ya karya cinikin masu fiton kaya da dillalai. Wanda hayar biro ta fi ƙarfinsa zai iya mayar da aikinsa gida, muddin ya tsara wurin.

Zaure ko shagon ƙofar gida ya fi dacewa. Abokin ciniki zai shigo ba tare da ya ratsa cikin gida ba, hayaniyar yara kuma ta tsaya a tsakar gida.

Sai batun wuta. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023, kowa ya ga haɗarin dogara da NIGELEC kaɗai. Faifan sola da batir mai kyau za su riƙe kwamfuta, waya da fanka. Layin intanet kuwa gara a mallaki biyu, misali Airtel da Moov, in ɗaya ya ɗauke a koma ɗayan.

Gaya na cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Don haka takardun duwan su zauna cikin akwatin ƙarfe a bisa benci, domin laima da gara kan cinye su cikin damina guda.