LOKACIN DA YA FI DACEWA DA ZUWA KALLON NAMUN DAJI DAGA YOLA DA JIMETA

Allah ya albarkaci ƙasar Adamawa da duwatsu da koguna da namun daji iri-iri. Amma sau da yawa mutum yakan ɗaura niyya, ya kashe kuɗinsa, ya sha wahalar hanya, sa'an nan ya komo gida bai ga ko gada ba. Galibi rashin sanin lokaci ne yake jawo haka. Saboda haka ya kamata duk mai niyyar irin wannan tafiya ya san yadda dabbobi suke bin yanayin shekara tun bai bar gida ba.

Inda Ake Zuwa

Babban wurin kallon namun daji kusa da Yola shi ne Gandun Dajin Gashaka-Gumti. Gwamnatin Tarayya ce ta kafa shi a shekarar 1991, shekarar da aka raba Jihar Gongola gida biyu, wato Adamawa da Taraba. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000, babu gandun daji na tarayya da ya kai shi girma. Sashen Gumti yana arewa, wajen Adamawa, ana bi ta Ngurore da Mayo Belwa da Jada da Ganye har zuwa Toungo. Sashen Gashaka kuwa yana kudu, cikin Taraba, ana bi ta Jalingo da Bali zuwa Serti, inda hedkwatar gandun take. A sashen kudu ne Dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya.

Daga cikin dabbobin gandun akwai ɓauna da gwanki da gwambaza da mazo da mugun dawa da dorina da kada da birai iri daban-daban, har da babban birin nan da ake kira cimfanzi.

Damina

Daga watan Mayu zuwa Oktoba ruwa yake sauka a yankin Yola, ya fi ƙarfi kuma cikin Agusta da Satumba. Daji yakan yi kore shar gwanin sha'awa, amma wannan ne lokaci mafi wuya ga mai kallo, saboda dalilai uku. Na farko, ciyawa takan yi tsawo har ta shanye mutum, ɓauna na iya tsayawa kusa da hanya ba a gan ta ba. Na biyu, ko'ina akwai ruwan sha, don haka dabbobi sukan watse cikin daji. Na uku, hanyoyin ƙasa sukan lalace, rafukan da ake ketarewa da ƙafa da rani su cika su batse, kuma yunƙurin haye su ganganci ne da rai. Kada kuma a manta da Kogin Binuwai, wanda yakan yi ambaliya a ƙarshen damina, musamman idan an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022.

Kaka Da Hunturu

Da shigar Nuwamba ruwa ya ɗauke, amma ciyawa tana nan da tsawonta, wasu hanyoyi kuma ba su gama bushewa ba. Daga tsakiyar Disamba ne al'amari yake gyaruwa. Ciyawa ta bushe ta kwanta, ganye ya fara zuba, ido yana kai wa nesa. Sanyin hunturu yana sauƙaƙa tafiyar ƙafa da hawan duwatsu, sauro ma ya ragu. Wannan ne kuma lokacin masu sha'awar tsuntsaye, gama tsuntsayen da suka gudo wa sanyin ƙasashen Turai suna nan tare da na gida. Aibin lokacin shi ne hazo, wanda yakan rufe duwatsu, wani lokaci har ya hana jirgin sama sauka a Yola. Mai hawan dutse kuma ya riƙe bargo, don sanyin dare a can ba irin na Jimeta ba ne.

Bazara

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ƙananan rafuka da tafkuna sukan ƙafe. Dole dabbobi su tattaru a bakin manyan koguna, mai kallo kuwa sai ya samu wuri ya zauna shiru, su da kansu za su zo. Haka abin yake a Yankari ta Jihar Bauchi, inda giwaye suke sauka Kogin Gaji a wannan lokaci. Sai dai bazarar Adamawa ba abin wasa ba ce, gama cikin Maris da Afrilu zafi a Yola yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas. Ban da haka, ruwa yakan riga sauka a duwatsun kudu kafin ya iso Yola, saboda haka mai nufin sashen Gashaka kada ya jira ƙarshen Afrilu.

Zaɓin Lokaci

Mai tafiya da iyali, ko ɗaliban makaranta, ko mai son tsuntsaye da hawan dutse, ya zaɓi tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu. Wanda burinsa shi ne ganin manyan dabbobi, kuma yana iya jure zafi, ya zaɓi Fabrairu zuwa Maris. Ko wane wata aka zaɓa, a fita da sassafe ko da la'asar, domin da tsakar rana dabbobi suna kwance a inuwa.

Gargaɗi Ga Jama'a

Kafin a tashi, a tuntuɓi jami'an gandun a ji halin hanya da na tsaro. Kada a shiga daji sai da izini da ɗan jagora daga ma'aikatan gandun. A riƙe isasshen ruwan sha da gidan sauro da tufafi masu dogon hannu saboda ƙudan tsando. Kada a kusanci dorina, musamman mai ɗa, gama ta fi mutum gudu. Kada a yar da guntun taba ko a bar wuta tana ci, domin da rani tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye daji. Doka ta hana farauta da kiwo da sarar itace a wuraren da aka killace, kuma tun 1985 akwai dokar tarayya da ta hana fataucin dabbobin da suke neman ƙarewa.

Daga duwatsun wannan gandu ne koguna da dama suke gangarowa zuwa Binuwai, kogin da manoma da masunta da makiyaya suke dogara da shi. Wanda ya kiyaye dajin, ya kiyaye ruwan da jama'a suke sha. Dabbobin kuwa amana ce a hannun 'yan ƙasa duka, wajibi ne a bar wa 'ya'ya da jikoki su gan su da idonsu, kada su tashi sai labari.