Malam-buɗe-littafin Takarda da Ke Tafiya Meziko

Duk shekara, idan kaka ta shigo a Amurka da Kanada, dubban yara kan zauna a makarantu da wuraren taruwar unguwa da takarda da almakashi da launuka, suna yanka siffar malam-buɗe-littafi. Idan sun gama sai a zuba a ambulan a aika Meziko, a raba wa yaran ƙauyukan da ke gindin duwatsun jihar Michoacán. Takardun su yi hunturu a can. Da bazara a juyo da su arewa, kowane aji ya karɓi aikin hannun waɗansu yaran da bai taɓa gani ba, haɗe da saƙon yaran Meziko. Wata ƙungiya mai suna Journey North ce ta soma wannan shiri a 1996.

Tafiyar takardar kwaikwayo ce ta wata tafiya ta gaske. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai launin lemo da baƙin zane, ana ce masa monak, wanda ke tasowa daga kudancin Kanada da arewacin Amurka, ya keta kilomita wajen 4,000 zuwa dazuzzukan itacen oyamel a tsakiyar Meziko. Abin mamakin shi ne, wanda ke yin tafiyar bai taɓa zuwa wurin ba. Kakanninsa ne suka baro can da bazara, aka yi ta haihuwa ana mutuwa a hanya, kowane zubi bai wuce 'yan makonni a duniya ba, sai zubin ƙarshe ya rayu har wata takwas ya koma dajin. Masana ba su ma san inda yake sauka ba sai a Janairun 1975, bayan Fred Urquhart na Kanada da matarsa Norah sun shafe shekaru suna manna wa ƙwarin 'yar alama a fiffike. Mutanen ƙauyukan kuwa tun kaka da kakanni sun san baƙinsu.

To me ya kawo zane cikin wannan magana? Kallo. Yaro yana iya ganin ƙwaro kullum ba tare da ya dube shi ba, amma ranar da aka ce ya zana shi, dole ya tsaya ya ƙirga. An gaya masa ƙwari ƙafa shida gare su, ya duba monak ya ga huɗu. Malam ya yi ƙarya ke nan? A'a, biyun gaba ƙanana ne, a naɗe suke jikin ƙirji. Ya sake dubawa ya ga wani yana da ɗigo baƙi a kowane fiffiken baya, wani ba shi da shi. Mai ɗigon shi ne namiji. Abin da yaro ya gano da idonsa a haka ba ya barinsa da wuri.

Hanyar tsohuwa ce. Maria Sibylla Merian, wadda aka haifa a Frankfurt ta Jamus a 1647, ta tafi Suriname a 1699 don ta zana ƙwari, ta fitar da littafinta a 1705. Ba ta zana ƙwaro shi kaɗai. Takan sa ƙwai da tsutsa da kwasfa da babban a shafi guda, a kan tsiron da suke ci. Malamin zanen da ya san aikinsa haka yake sa yara su yi, domin da zarar yaro ya zana tsutsar monak, zai tambayi ganyen da za ta zauna a kai. Amsar ɗaya ce: wata ciyawa mai farin ruwa kamar nono, dangin tumfafiya. Tsutsar ba ta cin komai sai ita, kuma dafin ganyen ne ke sa tsuntsaye su ƙyamace ta.

Nan ne matsalar take. Yawan fesa maganin kashe ciyawa a gonakin masara da waken suya na Amurka ya share wannan tsiro daga wurare masu yawa, ga saran itace a dazuzzukan Meziko, ga sauyin yanayi. Ba a iya ƙirga ƙwarin ɗaya-ɗaya, sai dai a auna faɗin dajin da suka lulluɓe. A hunturun 1996 zuwa 1997 sun rufe hekta 18 da 'yan kai. A na 2023 zuwa 2024 ba su cika hekta ɗaya ba.

Kada mu ruɗi kanmu: takarda mai launi ba ta hana manomi feshi, ba ta ciyar da mai saran itacen da talauci ya kai daji. Taron zanen da ya ƙare a manna hoto a bango, a ganina, rabin aiki ne. Wanda ya cika shi ne wanda yara suka tashi daga tebur suka shuka ciyawar a harabar makaranta, kamar yadda makarantu da dama ke yi a Amurka.

Mu ma ba sai mun aika takarda ƙetare ba. Monak yana da ɗan'uwa a ƙasar Hausa, mai launin lemo da baƙi da fari a bakin fiffike, kuma tsutsarsa a kan tumfafiya take girma, wadda ke tsaye a kowane kango da bakin hanya. Malamin firamare ko wata uwa a unguwa na iya tara yara da fensir da bayan tsohuwar kalanda, a juya ganyen a nemi ƙwai da tsutsa mai ratsin baƙi da rawaya, a riƙa dawowa ana zana ta har ta shiga kwasfa ta fito. Sai dai a ja wa yara kunne kada su karya ganyen, domin nonon tumfafiya yana yi wa ido illa.