Hawan Kufena da Sassafe

Mazaunin Samaru ko Sabon Gari ba baƙon Dutsen Kufena ba ne, yana can yamma da birnin Zariya, daf da Wusasa. Sai dai sanin na ido ne. Ɗalibi zai shekara huɗu a Jami'ar Ahmadu Bello bai taɓa taka gindinsa ba, in ka ce a hau sai ya ce, "Dutsen iskoki?"

Maganar tana da tushe. Kafin Musulunci ya kafu, duwatsu irin wannan ne matattarar tsafi a ƙasar Hausa, kamar yadda Barbushe ke hawa Dala a Kano don bautar Tsumburbura. Amma ba tsafi kaɗai ya tara mutane a Kufena ba. Dutse mafaka ne ranar hari, daga samansa ana hango mahara tun suna nesa, ƙasar gindinsa kuma tana nomuwa. Shi ya sa aka zauna a wurin tun kafin zamanin sarautar Bakwa Turunku a Zazzau, har aka kewaye shi da ganuwa wadda burbushinta yake nan. A 1929 ma, da 'yan mishan su Dakta Miller suka bar cikin birni, a inuwarsa suka sauka.

Alaƙa da tsafi ba ta hana a hau dutse. Dubi Japan. A Kyoto akwai wurin bautar Shinto mai suna Fushimi Inari, wanda aka kafa a 711, a jikin wani tsauni mai tsayin mita 233 kacal. An yi masa matakala har ƙololuwa, da dubban jajayen ƙofofin katako waɗanda 'yan kasuwa ke bayarwa a rubuta sunansu. Masu wayo da asuba suke hawa, kafin cunkoso. Da yawansu ba mabiya addinin ba ne, kallo da motsa jiki suka kai su. Aƙidar 'yan Shinto tasu ce, ba ruwanmu da ita. Tattalin da suke wa wurin ne abin koyi.

Mai son hawa Kufena ya fita bayan sallar Asuba, don hantsi na ɗagawa dutsen ya ɗau zafi. A tafi cikin ayari, da ɗan gari wanda ya san hanya, da ruwan sha da takalmi mai kama ƙasa. Da damina a yi hattara, santsin fa ba ya raga wa kowa. In an ga katangar tukunya, a bar ta inda take, kayan masana tarihi ne.

Malaman makarantun Samaru da Sabon Gari, ku kai yaran nan su gani da idonsu.