Kayan Kariya da ke Cikin Mota, da Yadda A ke Amfani da Su

Yau maganarmu a kan mota ce. Watakila wani zai ce, me ya haɗa mota da maganar kiwon lafiya? To, duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin masu karaya a Asibitin Koyarwa na Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ya riga ya san amsa. Cikin shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi cewa mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 su ke rasa rayukansu kowace shekara a sanadin haɗarin hanya. A cikin masu shekara 5 zuwa 29 kuwa, babu wata cuta da ta kai shi kisa.

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, mota ta zama ƙafar kowa. Da ita manomin Janfalan ya ke kai masara da tumatir kasuwa, da ita a ke kwasar rake, da ita a ke kai mai naƙuda asibiti, da ita ɗalibi ya ke komawa makaranta Zariya. Yawancin motocin nan 'yan Kwatano ne, kuma waɗanda suka ƙera su sun sa musu kayan kariya iri iri. Amma kayan nan kamar maganin likita su ke, in ba a bi ƙa'idarsu ba ba su da amfani, wani lokaci ma su kan cuci mai su.

Abin da ke faruwa sa'ad da mota ta yi karo

Ku lura da wannan, domin shi ne tushen maganar duka. In mota tana tafiya, jikinka ma tafiya ya ke da irin gudunta. Kadan ta bugi wani abu ta tsaya farat ɗaya, jikinka ba ya tsayawa tare da ita, sai ya ci gaba har ya sami abin da zai tare shi, ko sitiyari, ko gilashin gaba, ko bayan kujera, ko kwalta. Motar da ta yi karo tana gudun kilomita 50 a awa, daidai ta ke da a jefo mutum daga bisa mita 10, watau kamar bene mai hawa uku. In gudun ya kai kilomita 100, ƙarfin bugun ya kan ninka sau huɗu, ya zama kamar faɗowa daga mita 40. Aikin kayan kariya shi ne su tare jiki a hankali, su raba ƙarfin nan a kan ƙasusuwan da za su iya ɗauka.

Bel

Babban cikinsu shi ne bel, watau ɗamarar nan da ke jikin kujera. Irin wanda mu ke gani yau, mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wani injiniya ne mutumin Suwidin, sunansa Nils Bohlin, ya ƙago shi, kamfanin Volvo ya fara sa shi cikin motocinsa a 1959, ya kuma bar sauran kamfanoni su yi irinsa kyauta. A nan Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta kuwa fara tilasta ɗaura bel ran 1 ga Janairu, 2003. Binciken masana ya nuna bel ya kan rage mutuwar direba da na kusa da shi da kusan rabi.

Ga yadda a ke ɗaura shi. Igiyar ƙasa ta kwanta a kan ƙashin ƙugu, ƙarƙashin ciki, kada ta hau kan cibiya. Igiyar sama ta bi tsakiyar kafaɗa ta ratsa ƙirji, kada ta shafi wuya, kada kuma ka sa ta ƙarƙashin hammata, domin a can haƙarƙari za ta karya. Ka danna bakin ƙarfen cikin gidansa har ka ji ya yi ƙaras, sa'an nan ka ja igiyar ta ɗame. In kana sanye da babbar riga, ka tattara ta tukuna, don bel ya zauna a jiki. Mace mai ciki ma lalle ta ɗaura: igiyar ƙasa ƙarƙashin cikin, ta sama kuwa ta bi tsakanin ƙirji ta sauka ta gefen cikin. Kariyar uwa ita ce kariyar ɗan da ke ciki.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa. Direba ya kan zagaya da bel ta bayan kujera ya maƙala, don ƙarar gargaɗi ta daina damunsa. Wani kuwa ya kan rataya shi a kafaɗa in ya hango jami'an hanya, da an wuce su ya sake shi. Mai yin haka ya ruɗi jami'i, amma bai ruɗi gilashin gaba ba.

Waɗansu su kan ce gara mota ta jefar da mutum waje da ya maƙale a ciki. Wannan kuskure ne babba. Wanda mota ta jefar, galibi kansa ne ke fara dukan ƙasa, ko motar ta birkice a kansa. Wanda ya ɗaura kuwa ya fi zama cikin hayyacinsa, ya kwance da kansa ya fita. Waɗansu kuma su kan ce, ai in kwana ya ƙare bel ba ya hanawa. Gaskiya ne, amma mai faɗin haka in ya ga maciji a ɗakinsa ba ya kwanciya kusa da shi. Ban da mutuwa kuma, akwai karyewar baya wadda ke kwantar da magidanci shekara da shekaru, gona ta zama saura.

Na kujerar baya su ma su ɗaura. Wanda bai ɗaura ba a baya, in an yi karo, shi ne zai faɗa kan na gaba da dukan nauyinsa. Bel ɗaya na mutum ɗaya ne. Saboda haka in ka je tasha aka ce ku zauna ku biyu a kujerar gaba, ka sani ɗayanku ba shi da kariya ko kaɗan.

Yara

Iyaye mata, ku saurara da kyau. Hannu ba ya iya riƙe yaro sa'ad da mota ta yi karo. A gudun kilomita 50, yaro mai nauyin kilo 10 ya kan fizge da ƙarfin da zai iya kai kilo 300, watau buhun masara uku. Wace mace ce za ta riƙe wannan? Kada kuma ki ɗaura bel ɗaya ke da yaron, domin nauyinki zai matse shi. Wurin zaman yaron da bai kai shekara 12 ba kujerar baya ce. Mai hali ya sayi kujerar yara wadda a ke ɗaurewa da bel, ita ce kariya mafi kyau ga jariri.

A gefen ƙofar baya, wajen da ta ke haɗuwa da jikin mota, akwai wani ɗan maɓalli. In ka tura shi, ƙofar ba za ta buɗu daga ciki ba sai daga waje. Don yara aka yi shi. Ka duba motarka yau, watakila yana nan ba ka sani ba.

Jakar iska da majinginar kai

Cikin sitiyari, da gaban mai zaman kusa da direba, akwai jaka a naɗe. In an yi karo mai ƙarfi ta kan kumbura da sauri fiye da ƙiftawar ido, ta tare kai da ƙirji. Amma don wanda ya ɗaura bel aka yi ta. Wanda bai ɗaura ba zai tarye ta tana cikin fitowa da ƙarfi, ta ji masa ciwo. Direba ya bar tazarar santimita 25 tsakanin ƙirjinsa da sitiyari. Kada mai zaman gaba ya ɗora ƙafa a kan allon gaba, kada kuma a sa kujerar jariri a gabanta.

In ka murɗa makulli, fitilar jakar iska za ta kama a allon direba, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu. In ta ƙi mutuwa, akwai matsala, a kai wa makanike. In kuwa ba ta kama ba sam, watakila an cire ƙwan ne don a ɓoye lahani. Mai sayen tsohuwar mota ya lura da wannan kafin ya biya kuɗi. Jakar da ta taɓa fashewa ba ta sake aiki, sai an sa sabuwa.

Matashin nan da ke bisa kujera, aikinsa tare wuya ne in an buge ku ta baya. Ka ɗaga shi har samansa ya yi daidai da saman kanka, ya kuma matso kusa da ƙeya. Masu cire shi don a sami wurin kaya, wuyan fasinja su ke sayarwa.

Birki, taya da fitila

Motar da ke gudun kilomita 100 ta kan ci mita 28 cikin daƙiƙa guda, kafin ma ƙafarka ta kai kan birki. Ka tuna da wannan in kana wuce garuruwan bakin hanya irin su Tashar Yari, inda masu talla da yara ke tsallakawa. Cikin gari doka ba ta yarda a wuce kilomita 50 ba.

Motoci da yawa suna da birkin da a ke kira ABS, wanda ke hana taya kullewa ta ja ƙasa. In ka taka shi da ƙarfi za ka ji yana rawa ƙarƙashin ƙafarka. Kada ka tsorata ka saki, aikinsa ke nan. Ka ci gaba da dannewa, kana karkata sitiyari don ka kauce.

Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu tare. In ka ga 2319, ma'anarsa an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba ta kan tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba, ga zafin kwaltar bazara, ga lodi fiye da kima, sai ta fashe. Yawan iskar da ta dace an rubuta shi a jikin ƙofar direba. Ka sa mai faci ya auna da ma'auni da safe, tun taya ba ta yi zafi ba. In kuwa ta fashe kana cikin gudu, kada ka danne birki. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, har mota ta rage gudu ka gangara gefe.

Da dare, in ka hango mota tana zuwa, ka sauke fitila don kada ka makantar da mai zuwa. In hazon hunturu ya yi yawa, ka kunna ƙaramar fitila ko da rana ne. In mota ta lalace a hanya, ka kunna fitilun gargaɗi, ka ajiye jar alamar nan mai kusurwa uku can nesa a bayanta. Ganye da duwatsun da a ke zubawa ba a ganinsu da dare, in an bar su kuma su kan kayar da mai babur.

Makulli

In za ka bar mota, ko na minti ɗaya ne, ka kashe inji, ka ɗaga gilasai, ka cire makulli, ka kulle. Kuɗin cinikin kasuwa da waya kada a bar su a kan kujera inda ido zai gani. Amma kafin ka kulle, ka leƙa baya. Motar da aka rufe cikin rana ta kan yi zafi ƙwarai cikin 'yan mintoci, jikin yaro kuwa ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, har ya kai ga suma ko mutuwa. Motar da aka ajiye a ƙofar gida ma a kulle ta, don kada yara su shiga wasa ƙofa ta rufe da su.

In haɗari ya auku

Ku kira lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122. Ku kashe injin motar. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ja shi ta hannu ko a naɗe shi cikin but. A tallabe kansa daidai da jikinsa, a kwantar da shi a kan katako ko ƙyaure, sa'an nan a ɗauka. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Kada a ɗura masa ruwa. A kai shi babban asibiti mafi kusa, na Ikara ko na Makarfi, ko a wuce Shika in likita ya ce haka.

To, jama'a, gobe in za ka shiga mota, ko taka ce ko ta haya, ka fara da bel tun ba a ta da inji ba. In direba yana gudun da ya wuce kima, ka yi masa magana da ladabi, sauran fasinja kuma ku goyi bayan mai maganar. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.