Andrey Lavrov: Tuta Uku, Raga Ɗaya

A ranar da aka buɗe wasannin Olamfik na shekarar 2000 a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, mutumin da aka danƙa wa tutar Rasha ya shige gaban 'yan wasan ƙasar ba ɗan tsere ba ne, ba kuma ɗan dambe ba. Mai tsaron gida ne na ƙwallon hannu, Andrey Lavrov, yana da shekara 38 a duniya, wato shekarun da yawancin tsararrakinsa suka daɗe da rataye takalmansu.

An haifi Lavrov a 1962 a birnin Krasnodar da ke kudancin Rasha, a can kuma ya yi suna tare da ƙungiyar SKIF. Lambar zinariyarsa ta farko ya samo ta ne a Siyol a 1988, inda Tarayyar Sobiyet ta doke masu masauki, Koriya ta Kudu, da ci 32 da 25. To, kafin wasanni na gaba su zagayo sai ƙasar da ya yi wa wasa ta wargaje a watan Disamba na 1991. Haka shi da abokansa suka isa Basalona a 1992 da sunan haɗaɗɗiyar ƙungiya, ba tutar ƙasa, ba taken ƙasa, sai tutar Olamfik mai zobe biyar. Duk da wannan maraici suka kayar da Suwidin 22 da 20.

Masu sha'awar wasan a nan gida za su tuna da wannan shekara saboda wani dalili dabam. A wannan karo ne 'yan matan Nijeriya, bayan sun ci kofin Afirka a Alƙahira a 1991, suka shiga gasar ƙwallon hannu ta Olamfik. Ba su ci wasa ko ɗaya ba, amma dai sun taka dandalin.

Rushewar Tarayyar Sobiyet ta tafi da kuɗin da gwamnati ke zubawa a harkar wasanni, saboda haka Lavrov ya bi sahun masu fita neman abinci, ya tsare raga a ƙungiyoyin Jamus da Faransa da kuma Zagreb ta Kuroshiya. Amma duk sa'ad da ƙasarsa ta kira shi yakan amsa. Da shi Rasha ta ci kofin duniya a 1993 da 1997, da kofin Turai a 1996. A Atlanta ne kaɗai, a 1996, ya dawo daga Olamfik hannu wofi.

Abin tambaya shi ne, yaya mutum zai daɗe haka a wuri mai wuya irin wannan? Ragar ƙwallon hannu faɗinta mita 3 ne, tsayinta mita 2. Mai jifa yakan taso daga bakin layin mita 6, ya yi tsalle ya shigo ta sama, har ya kusa haɗa numfashi da mai tsaron gida kafin ya saki ƙwallon, wadda gudunta kan wuce kilomita 100 a awa guda. Babu safar hannu, babu kwalkwali. Da tafi da ƙafa da ƙirji ake tarewa, wani lokaci ma da fuska. A irin wannan tazara, wanda ya jira sai ya ga inda ƙwallo ta nufa ya riga ya makara. Dole ne ya karanta kafaɗar mai jifa da wuyan hannunsa, ya tuna inda ya saba jefawa in an matsa masa, ya kuma bar masa wata kusurwa a buɗe da gangan don ya ja shi can. Wannan ilimi kuwa ba ya samuwa sai da shekaru. Ɗan wasan tsakiya ƙafarsa na sanyi yake fara raguwa, alhali mai tsaron gida a lokacin ne idonsa yake ƙara buɗewa. Malamin wasanni a Gadaka ko Potiskum da ke tura yaron da ya fi kowa nauyin jiki cikin raga don kawai a cike gurbi, ya kamata ya sake tunani.

A Sidni Rasha ta sake haɗuwa da Suwidin a wasan ƙarshe, ta ci 28 da 26. Da haka Lavrov ya zama ɗan ƙwallon hannu na farko da ya mallaki zinariya uku ta Olamfik, kowace a ƙarƙashin tuta dabam. Sai a 2021 a Tokiyo ne Faransawa uku, Nikola Karabatic da Luc Abalo da Michael Guigou, suka kamo shi.

Bai tsaya nan ba. A 2004, yana da shekara 42, ya koma cikin raga a Atina, a karo na biyar da ya halarci Olamfik. Rasha ta sha kashi a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta doke Hangare ta ɗauki lambar tagulla. A cikin abokan wasansa na wannan karo akwai waɗanda suke 'yan firamare lokacin da ya hau dandamali a Siyol.