Ratsa Laka Da Hawan Dutse: Abin Da Ya Kamata Mai Kaya Ya Sani Kafin A Yi Lodi

Daga wakilinmu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗora buhunan albasa ko na riɗi a lori daga Sinnar ko Sinja, ya nufi kasuwannin bakin iyakar Habasha, ya san cewa rabin ribarsa tana hannun direba, ɗaya rabin kuma tana hannun hanya. Da rani abin da sauƙi, domin ƙura ce kawai da zafin inji. Amma da zarar damina ta kankama daga watan Yuni zuwa Oktoba, sai lamari ya canza, inda tafiyar yini ɗaya kan koma ta kwana huɗu ko biyar, wani lokaci ma kaya su ruɓe a daji mai su yana tsaye yana kallo.

Al'ummar Hausawa a wannan yanki sun daɗe da sanin waɗannan hanyoyi. Tun bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya jagoranci jama'arsa zuwa gabas har aka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nil Azraƙ kusa da Sinnar, mutanenmu suka bazu a ƙauyukan bakin kogi suna noma da su da fatauci. Buɗe madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 ya jawo wasu zuwa gonakin auduga na Jazira, yayin da madatsar Rusairis da aka kammala a 1966 ta ƙara jan wasu zuwa kudu. Kakanni sun yi fataucin da jakuna da raƙuma, jikoki kuma suna yi da lori, sai dai ƙasar da ake takawa tana nan yadda take.

Baƙar laka, ƙanƙarar ƙasarmu

A ƙasashen sanyi, babban abin da direba ke tsoro shi ne dusar ƙanƙara da kuma ruwan da ya daskare a kan hanya. A mashigar Salang da ke tsaunukan Afghanistan, inda aka buɗe ramin mota ta ƙarƙashin dutse a 1964, zaftarewar dusar ƙanƙara ta hallaka matafiya fiye da 160 a watan Fabrairun 2010. A nan Afirka ma, mashigar Tizi n'Tishka da ke ƙasar Maroko, mai tsawon sama da mita 2,200, akan rufe ta a wasu ranakun hunturu saboda dusar ƙanƙara.

Mu a nan Allah bai jarrabe mu da wannan ba, amma Ya ba mu baƙar laka. Ita ce ƙasar da ta shimfiɗu tun daga Jazira har Gadarif da Damazin, wadda ke tsattsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa, ta kuma kumbura ta haɗe da zarar ta sha ruwa. Ita ce ke ba mu dawa da riɗi da auduga, kuma ita ce ke kama mota. Yayyafi kaɗan ya isa ya mayar da samanta kamar an shafa sabulu alhali ƙarƙashinta da tauri, wanda hakan ke sa mota ta riƙa sulɓewa daidai yadda take yi a kan ƙanƙara. In kuwa ruwan ya ratsa ta sosai, sai ta cika zanen taya ta mayar da shi sumul, ta kuma dunƙule tsakanin taya da jikin mota har tayar ta kasa juyawa.

Saboda haka dabarun da direbobin ƙasashen sanyi ke bi su ne tsofaffin direbobinmu suka gano da kansu. Ba a taka totur da ƙarfi, ba a taka birki da ƙarfi, ba a kuma fizgar sitiyari. In bayan mota ya fara gocewa, sai a sassauta totur a juya sitiyari a hankali zuwa ɓangaren da bayan ya nufa. In taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, ƙara wuta ba abin da zai haifar sai zurfafa rami, gara a tsaya a fito da shebur, a yi jak, a shimfiɗa rassan itace ko duwatsu. Haka zalika sarƙar da Turawa ke ɗaura wa taya saboda ƙanƙara tana aiki a laka, matuƙar an ɗaura ta a tayoyin da ke tura mota tun kafin a shiga wurin, domin bayan mota ta kafe ɗaura ta ya zama jan aiki.

Hanyar Kurmuk da kwazazzabai

Kwalta ta taso daga Madani ta ratsa Sinnar da Sinja har Damazin. Daga nan zuwa Kurmuk ta Dindiro tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba, amma kowa ya san cewa da damina ba a lissafa ta da kilomita. Ruwan da Damazin ke samu a shekara ya kai kimanin milimita 700, wato wajen ninki biyu na abin da Madani ke samu, kuma yana ƙaruwa yayin da aka nausa kudu. Haka abin yake a hanyar Gisan da kuma hanyoyin da ke shiga duwatsun Ingasana wajen Bau.

Babban haɗarin wannan yanki shi ne kwazazzabai, waɗanda ake kira khor. Irin su Khor Tumat daga tsaunukan Habasha suke gangarowa, don haka ruwa na iya sauka can sama, a nan kuwa rana na haskawa, sai kawai a ga kwazazzabo ya cika ya tumbatsa cikin ɗan lokaci. Ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 60, wato ya ɗan wuce gwiwar babban mutum, yana iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita. Ko babbar lori ce, in ruwa ya shiga inda inji ke shaƙar iska, injin ya tashi aiki nan take. Shi ya sa ƙa'ida ita ce yaron mota ya fara shiga da sanda ya gwada zurfi da taurin ƙasa, in ruwan ya fi ƙarfin mutum ya tsaya a ciki, to a haƙura a jira. Irin wannan ruwa yadda yake saurin zuwa haka yake saurin janyewa, sau da yawa jiran 'yan sa'o'i ya wadatar. Bayan an haye kuma, a riƙa ɗan taka birki ana tafiya a hankali har ya bushe, domin jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa.

Akwai kuma wani haɗarin da ba ruwansa da damina. Kurmuk ta sha sauya hannu tsakanin sojoji da 'yan tawaye, a 1987 da 1997 da kuma 2011, kuma yaƙe-yaƙen sun bar nakiyoyi binne a sassan kudancin jihar. Direban da ya ga laka a gabansa ya ce bari ya kauce ya buɗe sabuwar hanya ta cikin ciyawa, yana iya gudun gara ya faɗa gidan zago. A wannan yanki, bin sawun motar da ta wuce da tambayar mutanen ƙauye wajibi ne.

Daga Matama zuwa Gondar

Masu bin hanyar Gadarif zuwa Gallabat su tsallaka Matama, nasu gwajin na hawan dutse ne. Matama tana kan tsawon kimanin mita 700 daga teku, Gondar kuwa ta haura mita 2,100, kuma tsakaninsu bai cika kilomita 200 ba. An shimfiɗa wa hanyar kwalta, amma hawan da ke kaiwa garin Aykel da kwanoninsa suna nan, kuma duk wanda zai shiga kasuwannin ƙauye sayen zuma ko tafarnuwa ko citta dole ya sauka daga kwalta ya bi hanyar tsakuwa da jar ƙasa. Haka wanda ya tsallaka ta Kurmuk zai hau zuwa Asosa, mai tsawon sama da mita 1,500.

Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Jazira yana bukatar ya san abubuwa uku. Na farko, iska tana raguwa yayin da ake hawa, kuma injin da ba shi da tobo yakan rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane mita 300. Ke nan lorin da ta taso daga Matama, kafin ta kai Gondar ta rasa wajen kashi 14 cikin ɗari, alhali lodin bai ragu ba. Na biyu, ruwa yakan tafasa da wuri a can sama, a kan digiri 93 maimakon 100, don haka lagireto mai lalataccen murfi zai yi ta amai a tsakiyar hawa. Na uku, wanda ya fi kashe mutane, shi ne gangara.

Ƙa'idar tsofaffi ita ce giyar da ka hau dutse da ita, da ita za ka sauka, domin inji ya riƙe mota. Direban da ya saki mota a firi don tattalin mai, ya dogara da birki kaɗai, to birkin zai yi zafi har ya daina kamawa, in na mai ne man ya tafasa, in kuma na iska ne yawan takawa ya ƙarar da iskar. A zaɓi giya tun kafin a fara gangara ko hawa, saboda canza giya a tsakiya shi ne lokacin da mota ke kuɓucewa. In mota ta gaza hawa, kada a yi yunƙurin juya ta a gicciye, domin nan ne take kifewa, sai yaron mota ya sa waigi a bayan taya, sannan a sa giyar baya a sauko a miƙe sannu a hankali. Inda hanya ta ƙuntata kuma, mai saukowa shi ke ba mai hawa hanya, saboda mai lodi in ya tsaya a tsakiyar hawa, tashi yakan yi masa wuya.

Game da sanyi, dusar ƙanƙara ta ainihi sai can ƙololuwar tsaunukan Simiyan da ke arewacin Gondar, inda dutsen Ras Dashen ya haura mita 4,500, kuma ko can ɗin jefi-jefi ne. Abin da ɗan kasuwa zai iya gamuwa da shi shi ne ruwan ƙanƙara da damina, wanda kan rufe hanya fari fat cikin 'yan mintoci, da hazo mai hana ganin gaba, sai kuma raɓa da ke daskarewa da asuba a wurare masu tsawo sosai daga Oktoba zuwa Janairu. Maganinsu duka ɗaya ne, a samu wuri mai faɗi a faka, a jira rana ta ɗaga.

Laifin mai kaya

An saba ɗora wa direba laifi duk lokacin da aka yi haɗari, amma gaskiya ɗaya ce, sau da yawa daga wurin lodi matsalar ke farawa. Tsohuwar lorin nan ƙirar Bedford da ake kira Sifinja, wadda maƙeran Sudan suka ƙara wa ƙarfe da sifirin har take ɗaukar fiye da abin da kamfani ya ƙera ta dominsa, ta saba wa mutane da tunanin cewa mota ba ta cika. To amma ƙarin sifirin ba ya ƙara ƙarfin birki. Lodin da aka tula sama, aka kuma ɗora fasinjoji a kansa, shi ke rinjayar mota a kwana ko a gefen kwazazzabo. Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, a ɗaure tamau, kuma buhu goma da mai kaya ya matsa aka ƙara suna iya jawo asarar buhu ɗari. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Bugu da ƙari, mai kaya ne kan matsa wa direba ya yi tafiyar dare don a riski ranar kasuwa, ko ya hana a jira abokan tafiya. Da damina bai kamata lori ta shiga daji ita kaɗai ba, gara biyu ko uku, ta yadda in ɗaya ta kafe sauran za su ja ta. Kafin a tashi, mai kaya yana da haƙƙin ya ga shebur da gatari da jak da katakon ɗora shi, da sarƙar ja, da waigi, da safayar taya mai lafiya, da tamfol marar huda, da ruwan sha da abincin kwana uku. Ya kuma ware kuɗin tarakta a cikin lissafinsa, domin manoman da ke jan motoci daga laka ba kyauta suke yi ba. Kayan da ke saurin lalacewa irin su albasa da tumatir, a auna da kyau ko ribar ta kai a yi kasadar.

Darasin 2024

Yaƙin da ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023 ya nuna cewa wannan ilimi bai tsufa ba. Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, sannan Jabal Moya da Sinja suka bi baya a ƙarshen Yunin 2024, daidai shigowar damina. Kwaltar da ke kai kaya Damazin ta yanke, dubban jama'a suka gudu ta hanyoyin laka na Dindir zuwa Gadarif, kayan masarufi kuma suka yi tsada a jihar Nil Azraƙ. Sojoji sun karɓe Jabal Moya a Oktoba da Sinja a Nuwamban 2024, sai Madani a Janairun 2025. A ɗaya ɓangaren kuma, an rufe mashigar Gallabat na wani lokaci a Satumban 2024, bayan faɗan mayaƙan Fano da sojojin Habasha ya iso Matama. A waɗancan watanni, direbobin da suka san daji da halin laka su ne suka fitar da iyalai, su ne kuma suka shigo da ɗan abin da aka samu na gari da magani.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kasuwanni da na tashoshin mota da su riƙa tattara labarin hanya kowace safiya daga direbobin da suka iso, na ruwa da na tsaro, su sanar da jama'a kafin a yi lodi. Tsofaffin direbobi kuma su daure su koya wa yaransu, kada saurayi ya fara koyon gangara ranar da yake ɗauke da dukiyar mutane da rayukansu. Masu iya magana sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasa baki ɗaya, amin.