Yaya Direban Motar Tsere Ke Fita Da Ransa Daga Cikin Gobara?

Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi, ya aiko mana da takarda yana cewa ya ga wani hoton bidiyo a wayar ɗansa, inda wata motar tsere ta daki shingen ƙarfe ta rabe gida biyu, wuta ta tashi kamar an cinna wa rumbu, can an jima sai ga direban ya fito daga cikin wutar da ƙafafunsa. Shi ne yake tambaya, shin wannan abu ya faru da gaske, ko kuwa haɗin 'yan fim ne? In kuma gaskiya ne, wane irin asiri mutanen nan suke da shi, ko su ma suna da layar zana ne?

To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Abin da ka gani ya faru da gaske. Ran 29 ga watan Nuwamba na 2020 aka yi shi a ƙasar Baharain, wajen gasar da ake kira Fomula 1, watau gasar tseren motoci mafi girma a duniya. Sunan direban Romain Grosjean, ana faɗinsa kamar Gurojan, Bafaranshe ne, yana tuƙa motar ƙungiyar Haas. Ko zagayen farko ba a gama ba sai tayarsa ta baya ta taɓa tayar gaba ta wata mota, nan take tasa ta karkace ta nufi shinge. Hukumar kula da tseren motoci ta duniya, wadda ake kira FIA, ta yi bincike daga baya, ta ce ya daki shingen yana gudun kilomita 192 a awa guda. Ƙarfin dukan kuwa ya kai nauyin jikinsa sau 67. Watau mutum mai kilo 70, a wannan ƙiftawar ido, ji zai yi kamar an ɗora masa fiye da tan huɗu da rabi.

Dalilin da ya sa wutar ta yi wannan girma shi ne tankin a cike yake. Tun daga 2010 aka hana shan mai a tsakiyar tsere, saboda haka kowace mota da man da zai kai ta ƙarshe take tashi. A wancan lokaci an yarda a ɗauki har kilo 110 na fetur, kusan jarka shida ke nan mai cin lita 25. Grosjean ya yi sakan 27 a cikin wannan wuta, wasu sun ƙirga 28. Ka tuna sakan 60 ne minti guda, ka ga ko rabin minti bai cika ba. Ya fita da ƙuna a bayan hannayensa biyu, ba karaya ko ɗaya, kwana uku ya yi a asibiti aka sallame shi.

Batun laya kuwa, babu ita. Amma abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, babu wata riga a duniya da za ta hana mutum ƙonewa in ya daɗe cikin wuta. Duk kayan da kake gani a jikin direbobin nan, lokaci kawai suke saya masa, 'yan sakan-sakan. Lokacin nan kuma ba ya amfanar wanda ya suma, ko wanda ƙafarsa ta karye, ko wanda ƙarfe ya danne. Don haka aikin farko na masu ƙera motar shi ne su tabbata bayan dukan mutumin yana cikin hankalinsa, gaɓoɓinsa lafiya, ya iya kwance kansa ya fita.

Ga yadda suke yi. Wurin da direba ke zaune wani akwati ne mai kama da kwalekwale, an yi shi da zaren kabon da aka jera hawa-hawa aka gasa, ba shi da nauyi amma ya fi ƙarfe taurin kai. Ƙungiyar McLaren ce ta fara kawo irinsa a 1981. Sauran jikin motar, hanci da fukafukai da tayoyi, da gangan aka yi su don su farfashe su shanye dukan, shi kuwa akwatin ya tsaya yadda yake. A haɗarin Baharain inji da tayoyin baya sun tsaya a gefe guda, akwatin ya keta shingen ya maƙale a ciki, da mutumin a zaune. An ɗaure shi da bel mai harshe shida, dukkansu suna haɗuwa a ƙulli guda a kan ciki, murɗawa ɗaya ta kwance su. Akwai kuma wani abin wuya da ke zaune a kafaɗa, an haɗa shi da hular kwano da igiyoyi biyu, don kada kai ya fizgu gaba wuya ya karye. Tun 2003 aka tilasta sa shi. Ko sitiyari ma cire shi ake yi da hannu ɗaya, kuma ana gwada kowane direba a ga ya iya fita daga motar cikin sakan 7 kafin a bar shi ya yi tsere.

Sai kuma abin da ya fi kome ceton Grosjean, wani baka na ƙarfen titaniyom da ya kewaye kan direba, ana ce masa halo. Ƙafa uku gare shi, ɗaya a gaban fuska biyu a baya, in ka hango shi daga sama sai ka ce hancin silifa. Nauyinsa bai wuce kilo 7 ba, amma yana ɗaukar nauyin tan 12, kamar buhun masara 120 mai kilo 100. A 2018 aka tilasta shi, kuma ba ƙaramar rigima aka sha ba. Direbobi da yawa da 'yan kallo suka ce ya ɓata kyan motar, wasu suka ce zai tare wa direba gani, wasu kuma suka ce zai hana shi saurin fita in wuta ta kama. Shi kansa Grosjean yana cikin waɗanda ba su so shi ba. To da motar ta kutsa cikin shingen, wannan baka ne ya ɗage ƙarfen sama ya buɗe hanya, kan mutumin ya wuce ta ƙarƙashi. Ba don shi ba, ƙarfen da kansa zai fara gamuwa. Yana kwance a gadon asibiti, hannaye a naɗe, ya fito fili ya ce ba don halo ba da bai sami bakin magana ba.

Yanzu mu zo ga tufafi. Da wani zare ake saƙa su mai suna Nomex, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fito da shi a shekarun 1960. Ka san yadda rigar leda ko yadin roba ke yi in tartsatsi ya faɗa masa, ya narke ya manne a fata. Shi wannan zare ba ya narkewa, ba ya kuma riƙe wuta, sai dai ya yi baƙi ya ƙara kauri, zafin ya daɗe bai kai ga fata ba. Direba yakan sa riga da wandon ciki na wannan zare, da safa, da wata hula mai rufe kai da wuya sai ido kawai, sa'an nan ya kawo babbar rigar nan mai hawa-hawa ya ɗora, da takalmi da safar hannu. Hatta zaren ɗinki da tambarin 'yan talla da ake liƙawa a ƙirji, sai wanda wuta ba ta ci. Shi ma tankin mai ba na ƙarfe ba ne irin na motocinmu, wata jaka ce ta roba da aka ƙarfafa da zaren Kevlar, irin wanda ake rigar sulke da shi, tana lanƙwasa ba ta fashe ba. Shi ya sa gobara ta yi wuya a tseren yanzu, har mutane suka sha mamaki da ganin ta Baharain.

Kada ka ɗauka dabara ce ta zo wa wani dare ɗaya. Kusan kowane abu da muka lissafa, sai da wani ya mutu ko ya naƙasa kafin aka yarda da shi.

A 1966 a ƙasar Baljiyam, motar Jackie Stewart ta kauce hanya cikin ruwan sama, sitiyari ya danne shi, tanki ya fashe, ya yi wajen minti 25 yana jiƙe sharkaf da fetur. Ba ma'aikacin ceto ko ɗaya a wurin. Direbobi biyu ne 'yan uwansa suka ari sufana wajen wani ɗan kallo suka kwance shi. Tun daga ran nan ya riƙa ɗaure sufana a cikin motarsa, ya kuma tasa masu shirya tsere a gaba da maganar tsaro, har wasu suna yi masa kallon matsoraci, mutumin da ya zo ya ci gasar duniya sau uku. A 1967 a Monako, motar Lorenzo Bandini ta kife a kan dammunan busasshiyar ciyawa da ake jerawa a bakin hanya wai don su tare mota. Kai manomi ne, ba sai an gaya maka abin da fetur da busasshiyar ciyawa za su yi ba. Bayan kwana uku ya mutu, daga baya aka hana jera ciyawar.

Wanda ya fi ban takaici shi ne na Roger Williamson, saurayi ɗan Ingila mai shekara 25, a ƙasar Holan a 1973. Motarsa ta kife ta kama wuta, shi kuwa bai ji wani mugun rauni ba, yana ciki da ransa. Wani direba mai suna David Purley ya tsai da tasa motar, ya ƙetare hanya da gudu, ya yi ta ƙoƙarin birkito motar shi kaɗai. Ma'aikatan da ke wurin ba su da rigar wuta, ba su iya matsowa ba. Tukunyar kashe gobara guda ɗaya aka samu, ta ƙare wutar ba ta mutu ba. Ba a tsai da tseren ba, sauran direbobi suna wucewa suna tsammanin Purley ne mai motar, ya riga ya fito. Kafin motar kashe gobara ta iso hayaƙi ya shaƙe Williamson. Mutum huɗu ko biyar masu rigar kirki da sun ɗaga motar nan.

Shekara uku bayan haka, ran 1 ga watan Agusta na 1976, sai ga na Niki Lauda ɗan ƙasar Ostiriya, a filin Nürburgring na Jamus. Zagaye guda na wannan fili ya fi kilomita 22, cikin daji da duwatsu, babu yadda ma'aikatan ceto za su wadace shi. Shi Lauda da kansa ya nemi 'yan uwansa su ƙi yin tseren, aka ƙada ƙuri'a aka rinjaye shi. Motarsa Ferrari ta daki gefen hanya ta kama wuta, hular kwanonsa ta fita. Direbobi huɗu suka tsaya, ɗayansu Arturo Merzario ya kutsa cikin wutar ya kwance bel ɗin, aka jawo shi. Ya ƙone a kai da fuska, ya rasa yawancin kunnensa na dama, amma abin da ya kusa kashe shi hayaƙin da ya shaƙa ne, wanda ya ƙona masa huhu. Har an kira limamin coci ya yi masa addu'ar ban kwana. Sai ga shi bayan mako shida ya koma tsere a Italiya, ya zo na huɗu, raunin kansa yana zubar jini cikin hula. Ya sake cin gasar duniya a 1977 da 1984, ya rayu har 2019. Abin mamaki, shi ma da aka kawo maganar halo, yana cikin masu suka.

Motar likita da ka gani ta iso wurin Grosjean, ita ma da tarihinta. A 1978 aka yi karo tun a wurin tashi a filin Monza na Italiya, aka fitar da Ronnie Peterson daga mota mai ci da wuta da karayar ƙafafu, taimakon likita ya yi jinkiri, washegari ya mutu a asibiti. Likitan gasar na lokacin, Farfesa Sid Watkins, ya tsaya kai da fata sai an riƙa sa mota mai gudu da likita a ciki tana bin bayan 'yan tsere a zagayen farko, don a nan aka fi yin karo. Ita ce ta iso wurin Grosjean cikin sakan 11. Likitan da ke ciki, Dokta Ian Roberts, ya sa wani ma'aikaci ya fesa hodar kashe wuta daidai inda direban yake, wutar ta ja baya kaɗan, ya miƙa hannu ya kamo shi yana tsallake shingen.

Duk da haka kada ka ce fitar ta zo da sauƙi. Grosjean ya ba da labari cewa ya yunƙura ya tashi, wani abu ya tare shi ta sama, ya gwada dama ya gwada hagu bai samu hanya ba, har ya fara sallamawa, sai ya tuna 'ya'yansa uku. Ƙafarsa ta hagu kuma ta maƙale a ƙasa, sai da ya fizge ta ya bar takalmin a ciki. Ya dafa ƙarfe mai zafi ya murɗa kafaɗa ya fito, yana kallon safar hannunsa tana komawa baƙa. A nan ne rigar ta gaza. Safar hannu ita ce mafi rashin kauri a duk kayan, don direba yana bukatar ya ji sitiyari da maɓallai a yatsunsa, shi ya sa hannun ne kaɗai ya ƙone.

Binciken FIA ya gano cewa murfin duba tanki na gefen hagu ya ɓalle, bututun da ke kai mai ga inji kuma ya tsinke lokacin da motar ta rabe, ta nan fetur ya kwarara. Sai hukumar ta jera gyare-gyare fiye da 20, ciki har da yadda ake ɗaura tanki, da yadda inji zai rabu da akwatin direba ba tare da ya yage tankin ba, da irin shingen da ake kafawa a bakin hanya. A 2021 aka fara gwada sabuwar safar hannu mai ƙarin kauri a baya. Shi kuwa Grosjean bai ƙarasa tsere biyu da suka rage a 2020 ba. Ya koma Amurka ya shiga gasar IndyCar, a watan Mayu na 2021 ya zo na biyu a wani tsere a birnin Indiyanafolis, da tabon ƙunar a bayan hannunsa na hagu.